Ranar da Ashiru Ya Ce a Shuka

Akwai wani aibi da ya yaɗu cikin mutane har an daina ganinsa aibi, shi ne jin kunyar faɗin "ban sani ba". Malami yana da shi, direba yana da shi, mai tallar magani a kasuwa ya fi kowa. Dalilinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya ce bai sani ba, kunyarsa a kansa take sauka, nan take, a gaban jama'a. Wanda ya ƙirƙiro amsa kuwa, ɓarnar a kan wani za ta sauka, daga baya, a inda ba ya gani. Rayuwar Ashiru mai tele ta isa misali.

An haife shi a Madarumfa, a gidan Mamman masunci, kusa da bakin tafki. Tun yana lakwal, wato makarantar boko, aka san shi da murya mai faɗi da harshe marar gargada, kuma duk ranar da baƙo ya zo, shi mushe, malaminsu, ke tayarwa ya yi karatu. Da ya gama, ya shiga radiyon gari yana karanta sanarwar suna da cigiyar dabbobin da suka ɓace. Bayan shekara shida wata tashar tele mai zaman kanta a Maraɗi ta ɗauke shi, ta ba shi shirin hira na kowace Laraba da yamma, mai suna Tabarmar Jama'a. Yakan zaunar da baƙo, likita ko alƙali ko shugaban 'yan tasha, jama'a su buga waya su yi tambaya.

Adalci ne a faɗi cewa ya iya aikinsa. Ba ya wulaƙanta mai kira, ba ya katse tsoho. Amma shekaru goma na yabo sun koya masa mugun darasi: cewa shiru a gaban kamera laifi ne, kuma duk ramin da baƙo ya bari, shi ne zai cike shi.

Wata Laraba a ƙarshen watan Mayu, kwana ɗaya bayan ruwan farko, baƙon da aka gayyata shi ne Lawali, ma'aikacin hasashen yanayi. Motarsa ta lalace a hanya. Kujerarsa ta zauna ba kowa, Ashiru ya ci gaba da shirin shi kaɗai.

Mai kira na huɗu wani tsoho ne daga wani ƙauye na ƙasar Gabi, sunansa Ɗanjuma, yana magana da salular mai shagon da ake taruwa kallon tele a ƙofarsa.

"Ɗana," in ji tsohon, "idona ya yi rauni, 'ya'yana sun tafi cin rani Najeriya, alamun da na sani kuma sun daina faɗin gaskiya. Ruwa ya sauka jiya. Irina tulu ɗaya ne, hatsi mai dogon kai, na ubana, ba a samun shi a kasuwa. Ku da kuke ganin sama cikin na'ura, in shuka ko in jira?"

Ashiru ɗan masunci ne, bai taɓa riƙe sungumi ba. Amsa ta gaskiya kalmomi uku ce. Sai ya gyara zama, ya yi murmushi, ya ce, "Baba, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Damina ta kama. Ka shuka."

Karin magana ado ne, ba hujja ba, amma wanda ke jin ta daga akwatin tele ba ya rarrabewa.

Washegari Lawali ya iso tashar da kansa, ransa a ɓace. Ya ce wancan ruwa na yaudara ne, ana tsammanin sama za ta ɗauke har kusan sati uku, kuma duk abin da ya tsiro zai ƙone. Ashiru ya nemi lambar mai shagon, ya kira ya fi sau ashirin, ba ta shiga. Daraktan tashar ya ce masa ya manta, wa ke tuna abin da aka faɗa a tele? Laraba ta dawo, ya yi gyara, amma gyaran matsoraci: ya ce "masana na ba da shawarar a yi hattara", bai ce shi ya yi kuskure ba. Ko da ya faɗa ma, iri ya riga ya yi sati cikin ƙasa.

Kwana goma sha tara sama tana wankakkiya. Matarsa Zahara'u ta ce a kwanakin nan ya fi duban sama fiye da duban fuskarta. A rana ta ashirin ya hau kabu-kabu tun da safe, ya nufi Gabi, yana tambaya har aka nuna masa gonar.

Abin da ya ji tsoro shi ya gani. Layi bayan layi, tsiro ya fito tsawon ɗan yatsa, ya bushe ya kwanta kamar zaren tsumma. Ya samu tsohon zaune a inuwar rumbu, matarsa Turai tana sussuka a gefe. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Baba, ni ne Ashiru. Ni na ce ka shuka. Ban san kome ba a kan noma, baƙona ne bai zo ba, na ji kunyar in ce ban sani ba."

Ɗanjuma ya karkato kai wajen muryar. Sannan ya ce, "Ashe kai ne. Muryarka ta fi ka girma." Ya juya fuska wajen gona. "Tun kakana ake ajiye irin nan. A hannuna ya ƙare."

Turai ta jingine taɓarya. "Ɗan tele, ka karya kumallo?"

"A'a, Inna."

"To ba ka samun fura gidan nan, don kai ka cinye mana hatsin furar."

Ta shiga ɗaki, ta fito rungume da tukunyar da aka liƙe bakinta da laka, ta dire a gaban mijinta, ta fasa lakar. Tsohon ya cusa hannu, ya murza ƙwayar tsakanin yatsu, ya kai hanci. Ya juyo wajen matarsa.

"Ke! Mi na shuka ke nan?"

"Hatsin kasuwa, tiya uku. Ran da ka kira tele na tahi gona na tona da hannu. Laima ta tsaya nan," ta nuna wuyan hannunta. "Uwata ta ce in ba ta kai kusa da gwiwar hannu ba, ruwan tsuntsaye ne. Na juye irin tulun cikin tukunyar nan, na cika maka tulun da hatsin ci."

"Shi ya sa na ji ƙwayar ta yi mini ƙanana! Kwana da kwanaki ina makoki, kina kallona, ba ki hwaɗa ba?"

"In hwaɗa ka sake kiran yaron nan? Kai da yayyafi ya taɓa rufin ɗaki sai ka ɗauki sungumi."

"Ka ji ta ko?" tsohon ya ce wa Ashiru, yana dariya, hawaye na bin gemunsa. "Shekara arba'in haka take mini."

Ashiru ya zauna dirshan a ƙasa. Daga baya ya ce tun da yake bai taɓa jin iska ta shiga ƙirjinsa kamar ranar ba.

A nan wajibi ne a yi hukunci daidai. Tsirar irin ba ta wanke Ashiru ba, domin ana auna laifin mai magana da abin da ya sani lokacin da ya buɗe baki, ba da abin da wata ta gyara a bayansa ba. Kuma ba a san ko akwai wasu da suka ji shi suka shuka, gidajensu babu Turai. Abin da ke nasa na yabo guda ne: bai ɗauki sa'a a matsayin gaskiya ba. Laraba ta gaba ya dubi kamera ya ba da labarin duka, da sunansa a matsayin mai laifi, duk da darakta ya roƙe shi ya bari.

Ruwan gaske ya sauka bayan kwana takwas, aka shuka irin tukunya. Ashiru ya gayyaci Turai cikin shirin, ta ce ba ta shiga akwati. Da kaka sai ta aiko masa da zangarniya ɗaya, tsawonta ya kai kamu biyu.

Ya ƙara shekara biyar a tashar. Masu kallonsa sun ragu, domin jama'a sun fi son mai amsa a kan mai gaskiya, har matasa suka laƙaba masa Malam Ban-Sani-Ba. Bai yi fushi ba. Daga baya ya ajiye aikin da kansa, ya koma Madarumfa, ya kama lambu a bakin tafki, yana koyon noman albasa da zogale wajen waɗanda dā suke kallonsa. Ranar Asabar yana da ɗan shiri a radiyon da ya fara aiki, kuma idan baƙo bai zo ba, yakan faɗa wa masu saurare haka, ya ɗage tambayoyinsu zuwa sati na gaba. Zangarniyar tana rataye a zaurensa. Kowace damina, kafin ya shuka 'yar gonar da ya samu a bayan gari, yakan naɗe hannun riga ya tona ƙasa tukuna.