Arshin Kunnen Hagu

In za ka yi gulmata, ka zauna ta haguna. Shekara shida ke nan wannan kunnen ya ajiye aiki, abin da ya rage masa sai wani zuuu irin na tsohon firji. 'Yan kasuwarmu sun ɗauka sanyi ne ya taɓa shi, ni ma na bar su a haka, don gaskiyar maganar ba ta faɗuwa a tsaye a bakin shago.

A unguwar Hindawiyya ta Makka aka haife ni, ni ne auta. Mahaifinmu haihuwar Makka ne, ya rasu ina ƙarami. Inna kuwa da girmanta aka kawo ta daga Kano, har yau Larabcinta na salla ne da na cefane. Yayana direban bas ne, lokacin aikin hajji shi ke jigilar alhazai tsakanin Arfa da Muzdalifa. Ni kuma ina tsaron wani shagon turare da abaya a Misfala, inda hajiyoyin Najeriya da Nijar ke wucewa a ƙafa zuwa Harami. Ba yabon kai ba, in hajiya ta leƙo da niyyar tambayar hanya, da leda uku take fita. Muryata siririya ce, hannuna ba ya zama wuri ɗaya in ina magana, na kuma san launin da ke karɓar kowace fata. Waɗannan abubuwa su suka biya hayar gidanmu shekara da shekaru, kuma su ne daga baya aka ce cuta ne.

Tun ina ɗan shekara sha huɗu na san inda zuciyata ke karkata, kuma ba wajen mata ba ne. Ban faɗa wa kowa ba. A ƙasar nan wannan ba abin kunya ba ne kawai, abu ne da hukuma ke kama mutum a kansa. Sai na zama gwanin ture maganar aure. Wannan ta cika tsawo, waccan ba ta gaida Inna da kyau ba, bari a gama hajjin bana. Haka na yi ta ja har na kai talatin da uku. Ran nan na bar wayata a buɗe na shiga wanka, Yaya ya ga wasu saƙonni. Bayan kwana biyu ya zo da labarin wani shehi mai ruƙiyya, wanda aka ce ba ya kuskure.

Shehin ya dube ni sau ɗaya ya yanke hukunci: aljana ce ta aure ni, ita ke magana da bakina, ita ke hana ni mata. Abin dariya, har wani daɗi na ji, ashe dai akwai wadda ta gan ni ta yaba. Kuma kada in ɗora wa kowa abin da ba nasa ba, ba a ɗaure aka kai ni ba. Da ƙafata na hau benen gidansa, da sabuwar jallabiya. Na so a ce aljana ce, na so ƙwarai. Aljana ana korarta, mutum ya koma gida ya zama kamar kowa.

Zaman farko karatu ne da tofi a ruwa da man zaitun. Na koma gida ina ƙamshin salak, ina jiran canji, canji bai zo ba. A zama na biyu, bayan la'asar, shehin ya ɗauko guntun tiyon roba, ya sa Yaya ya danne mini ƙafafu. Inna tana waje a kan kujera, bayan ƙofa, don ba a barin mata su shiga. Shehin ya fara zuba mini a tafin ƙafa yana cewa aljanar ta fita. Na yi ta cewa ni ne, ni ne, yana cewa haka suke yi, wayo ne da su.

A nan na tafka wautar da ta fi kowace a rayuwata. Na lura ba zai daina ba sai aljana ta yi magana, sai na ce bari in ba shi aljanar. Na ƙanƙance murya na ce zan fita, na tuba, a yi mini afuwa zuwa Juma'a. Da Hausa na faɗa, Hausar Kano tsantsa, don azaba ta kore mini Larabci. Shehin ba ya jin Hausa, Yaya ne ya zama tafinta, yana fassarawa yana hawaye. Aka daina dukan. Na sauko benen ina ɗingishi ina yaba wa kaina da dabara, ban san na ba su shaidar da suke nema ba.

Juma'a ta zo ta wuce, hannuna bai koyi zama wuri ɗaya ba in ina ciniki, muryata ba ta yi kauri ba. Shehin ya ce ta saɓa alkawari, yanzu ba sauran lallashi. A zama na uku ya bar ƙafa ya koma kai. Da tafin hannunsa ya sauke mini a kunnen hagu, sau nawa ban ƙirga ba. Na ji wani abu ya fashe a ciki, sai jini a kafaɗar jallabiyar. Garin neman gira aka rasa ido, ni kunne na rasa. A asibiti likita ya tambaye ni wa ya mare ni, na ce faɗuwa na yi a banɗaki. Ya dube ni ta saman tabarau, ya rubuta abin da ya rubuta.

Bayan wata biyu 'yar baffana ta kawo mana ziyara. Lauya ce, yarinya mai kaifin ido, Hausarta a karye take, in ta yi zafi sai ta zarce da Larabci. Ta lura ina juya kai gaba ɗaya in za a yi mini magana. Ta ja ni falo ta matsa, ni kuwa dama a cike nake, na zazzage mata komai, har da maganar wayar. Ta yi mini bayani ba ɓoye-ɓoye. Ta ce ba wanda zai hukunta shehin don ya yi niyyar canza ni, wannan ƙofar babu ita a nan. Amma duka duka ne, ko wa aka yi wa. Ta ce haƙƙi biyu ne, akwai na hukuma a kan mai dukan mutane da sunan magani, akwai kuma nawa na kaina, wato diyyar rauni, abin da ake kira arshi. Kunnen kawai za mu kai ƙara, sauran mu bar shi a gida.

Kuɗin bai dame ni ba. Abin da nake so shi ne takarda mai hatimi da za ta ce mutum aka doka, kuma mutumin ni ne. Tun ranar da abin ya faru, a gidanmu cewa ake yi an sha fama da aljanar, ta yi taurin kai, ta ja wa yaro ciwon kunne. Ni da na kwanta a kan kafet ɗin shehin ba na cikin labarin.

Muna cikin maganar, 'yar baffana tana ta maimaita arshi, arshi, sai ga Inna a bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu. Fuskarta ta canza. Ta ce, "Auta, har can za ka kai mu?"

Na ɗauka kotu take nufi. Na gyara zama, na ɗaga haɓa, na ce, "Har can, Inna. Ba abin da zai hana ni."

Ta juya ta koma kicin. Daga ranar ta shiga azumin Litinin da Alhamis, ta rage cin abinci, in na shigo sai ta sunkuyar da kai. Na ce fushi take yi don zan tona asirin gida, ni ma na ɗauke kai. A raina ina jin na zama namijin da suke nema, tunda ga shi har na iya ɓata wa uwata rai.

Na koma wurin likita na janye maganar banɗaki, ya ba ni rahoto bai ko yi mamaki ba. A ofishin 'yan sanda, da aka zo kan dalilin zuwana wurin shehin, na ce an ce aljana gare ni. Jami'in ya rubuta bai ɗago kai ba, da alama ba ni ne na farko ba. Na fito ina taku ɗai-ɗai, har na sayi sabon takalmi saboda ranar kotu.

Kafin a kai ga alƙali sai aka kira mu zaman sulhu. Shehin ya zo da farar riga da ƙamshin turaren da na san kuɗinsa, don irinsa nake sayarwa. Cikin natsuwa ya ce shi bai taɓa dukan ɗan Adam ba, aljana ya doka, kuma ta yi magana a gaban shaida. Yaya ya tabbatar, ya ce shi da kansa ya fassara kalamanta. Mai sulhun ya juyo gare ni ya tambaya ko an yi wannan magana. Na ce an yi, amma ni na yi ta. Ya ce to me ya sa? Na ce don a daina dukana. Shehin ya yi murmushi ya ce ai haka suke cewa bayan sun farfaɗo. Na ce in aljana aka mara, me ya sa ba ita ta kurumce ba? Mai sulhun ya danne dariya, ni kuwa na ji kamar na ci shari'a.

A baranda, lokacin hutun sallar azahar, shehin ya matso kusa da ni. Ya san kunnen da zai zaɓa, ta dama ya tsaya. Ya ce, "Ya ɗana, in muka je gaban alƙali za a tambaye ni wace irin cuta aka kawo mini. Ni ba na ƙarya a kotu. Yayanka ya gaya mini abin da ya gani a waya."

Na faɗa wa 'yar baffana. Ta ce zargi ba hujja ba ne, za ta tsaya mini iyakar ƙarfinta, amma ba za ta rantse mini cewa maganar za ta tsaya a kan kunne ba. Na dubi sabon takalmina. Jarumtar da na yi wata guda ina tarawa ba ta kai la'asar ba. Na sa hannu a takardar tanazul, wato na yafe haƙƙina. Shi kuma aka sa shi ya rubuta alkawarin ba zai ƙara dukan kowa ba. Ɓangaren hukuma ban san inda ya kwana ba, na dai ji an ce ya canza unguwa. Takardar da na fito da ita ba ta ce an doke ni ba, cewa ta yi ba na neman komai a wurin kowa.

'Yar baffana ta rako ni gida. Inna tana zaune a kan sallaya. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, na janye maganar arshi, na sa hannu. Ta ɗago a rikice ta ce yaushe aka fara sa hannu a wannan? 'Yar baffana ce ta fara ganowa. Ta durƙusa ta yi mata bayani cewa kalma biyu ce a Larabci, ɗaya da alif ɗaya da ain. Ta kotu diyyar rauni ce. Wadda Inna ta sani ita ce Al'arshi, ta Ubangiji. A kunnen Bakano duk ɗaya ne. Wata guda cur Inna tana zaune da cewa ɗanta ya kai ƙararta gaban Allah, ya kuma ce mata ba abin da zai hana shi.

Na yi dariya har na riƙe ciki, har hawaye. Inna ba ta yi ba. Ta tashi da ƙyar, ta zagayo ta bayana ta zauna ta dama.

Ta ce, "Ina bayan ƙofa duk ranakun nan. Muryar aljanar na san ta, ita kake yi tun kana yaro in kana kwaikwayon maƙwabciyarmu. Kukan ranar ƙarshe kuwa naka ne. Kai aka doka, Auta, ina ji, kuma ban buɗe ƙofar ba."

Maganar da na je nema da rahoton likita da sabon takalmi, ga ta nan an faɗe ta a falonmu, ba hatimi. Ba ta ce ta yarda da yadda nake ba, har gobe tana yi mini addu'ar shiriya, ina jin ta. Ta dai riƙe mini hannu, wannan hannun da ba ya zama wuri ɗaya, ta ce, "Na kotu ka janye. Ɗayan fa?"

Na ce mata ban taɓa kai shi ba. Ƙarya na yi mata. Na kai, tun a ɗakin shehin, fuskata a kan kafet, kuma har da sunanta a ciki. Amma da na tashi yin la'asar a ranar da ta riƙe mini hannun, na janye nata.