Hancina da Tekun Malesiya

Ni da na girma a garin da babban ruwansa kududdufi ne, ni gwamnati ta zaɓa ta turo Kuala Lumpur in yi digirin dakta a kan murjani. Ba irin wanda kakata ke sawa a wuya ba. Mai rai, wanda ke gina duwatsu a ƙasan teku, kifaye suna zaune a ciki ba haya.

Shekarar farko a ɗakin karatu na cinye ta, a jami'ar da ke unguwar Lembah Pantai, har na haddace sunayen ire-iren murjani da Latinanci. Sai farfesar da ke duba aikina, wata dattijuwa mai magana a hankali, ta ce kundi ba ya rubutuwa da idon wasu. Dole in nutsa in auna da kaina. Kuma ba a barin mutum ya nutsa sai da takardar shaida. Babu takarda babu awo, babu awo babu digiri.

Iyo a wurin ninƙayar gidanmu na unguwar Setapak na koya. Matata kan leƙo daga hawa na tara, in na hawo ta ce, "Malam, daga nan sama kamar wani abu ka yar kake nema."

Da na iya, na hau mota zuwa gaɓar gabas, jirgin ruwa ya kai ni wani tsibiri da Turawa ke zuwa hutu. Su a kwana uku suke karɓar takardar, suna dariya, su tafi shan ruwan kwakwa.

Jarrabawar ba wuya a baki. Ka durƙusa a kan yashi a ƙasan ruwa, tukunyar iska a bayanka, bututu a bakinka. Ka ɗaga gilashin da ya rufe maka ido da hanci, ruwa ya cika shi. Ka ci gaba da numfashi ta baki, sannan ka huro iska ta hanci ka kore ruwan. Shi ke nan.

Sai dai hancina yana da nasa malamin. Tun ina ɗan shekara shida aka koya masa cewa in ruwa ya taɓa shi, shaƙa ake yi kafin a face. Sau uku a kowace alwala, sau biyar a yini, shekara talatin da ɗoriya. Ruwan gishiri na taɓa shi ya yi alwala. Na sarƙe, na tofar da bututun, na yi sama ina fafutuka.

Mai koyar da mu, wani Bamalaye baƙi wuluk saboda rana, ya biyo ni yana girgiza kai.

"Boleh, lah, za ka iya. Ni ma fa ina salla, ɗan'uwa. Hancina bai taɓa ɗaukar teku buta ba."

Na ce, "Kai tekun ka fara sani kafin butar."

Ya yi dariya har da buga ruwa. Bai sa hannu a takardar ba.

Sau uku ina komawa tsibirin. Na gwada a bokiti, na gwada a bahon wanka, kaina ya gane sarai, hancin ya ƙi. A zuwan ƙarshe, ina cikin yin sama ina tari, idona ya faɗa kan duwatsun murjanin daga nesa. Rabinsu fari fat, kamar ƙasusuwa a bayan mayanka. Ruwan ya yi musu zafi. Suna mutuwa da saurin da ya fi na koyona.

Farfesa ba ta yi faɗa ba. Ta ce lokacin da aka ɗiba mini ya kusa cika, ba a sake sabon bincike a wata biyar. Abin da na karanta zai isa a ba ni digiri na biyu. Ina da irinsa tun daga gida. Na sa hannu.

Na hau LRT, jirgin ƙasan cikin gari, na koma gida. Matata ta dubi fuskata, ta rage wutar girki, ta ce, "To me za mu ce wa Baba?"

Ban ce masa komai ba. In na kira gida har yau Dakta suke ce mini, ni kuma ina amsawa.