Tattasan Cha'ibu

Cha'ibu ɗan dako ne a bakin kogin Gaya, tun kafin a fara zancen gada. Ni da shi muka yi shekaru muna sauke buhuna daga kwalekwalen Malanville. Mutum ne mai ƙarfi, amma bakinsa bai taɓa iya cewa a'a ba.

Matarsa Hajjo ciwon ciki ya hana ta yaji, miya ta zame mata ruwan gishiri, tana ta ramewa. Wani direban kamiyo, babbar motar kaya, daga Dahomey ya ba shi ƴan ƙwayoyin irin tattasai mai kauri marar zafi. Ya yafa su a fasasshen kasko, ya rufe da ciyawa, da suka yi ganye ya dasa bayan ɗakinsa. Ruwa kuwa ni na riƙa ɗebo masa, don dako ya riga ya kashe masa baya.

Tattasai ya yi, Hajjo ta koma cin tuwo. Direban bai sake biyowa ba, saboda haka dole a bar wasu su nuna jawur a cire iri, in ba haka ba baɗi babu. Na faɗa masa, na sake faɗa masa.

Amma unguwa ta gani. Wannan ta leƙo: "Malam Cha'ibu, ɗan na miya." Waccan ta ce baƙi ta yi. Shi kuma sai: "Bismilla, tsinki." Duk ɗanye suke kwashewa.

Na ce, "Kai, ni jakin unguwa ne? Ruwan nan a wuyana yake zuwa!"

Ya ce, "Alassan, maƙwabci ne fa."

Daga ƙarshe saura ɗaya. Na ɗaure shi da tsumma don kada ido ya gan shi. Ya fara ja ke nan sai ga Inna Yalwa, uwar Hajjo, daga Bengou. Ta zaga bayan ɗaki, ta kwance tsumman, ta tsinke. Cha'ibu na tsaye yana kallo. Surukarsa ce, ko ido ba ya haɗawa da ita, balle magana. Ya sunkuyar da kai, ya sulale waje.

Ni ba surukata ba ce. Na yi sallama na shiga, na tarar har ta jefa shi turmi da albasa.

"Inna, dakata! Irin ke nan gaba ɗaya."

"Yo wa ya gaya mini? Mai gidan bebe ne?"

Na durƙusa ina tsintar ƙwayoyin da taɓarya ba ta fasa ba, mata na yi mini dariya. Na wanke, na shanya a inuwa.

Da suka bushe Cha'ibu ya miƙo hannu in ba shi, na ce Allah ya kiyaye. A gidana na shuka su, kaɗan suka tsiro. Na miyar Hajjo ni nake kai mata da hannuna. Sauran unguwa sun daina amsa gaisuwata, ban kuma rame ba.