Maganin Mata

Shekarar da fitsari ya tsaya wa Baba, auduga ta yi kyau a gonarmu ta bayan Malumfashi, amma ba shi ya tsince ta ba. Sai ya ɗauki buta ya zagaya, ya daɗe, ya fito yana gumi, ko ɗigo babu. Mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa kwantar da shi ba! Tausayinsa ya hana ni cin abinci. Na baro ɗakin mijina na zo jinya, muka sa shi a motar auduga sai asibiti.

Likita, wani Bature, ya sa masa robar fitsari, ya ce wani ɗan nama da maza ke da shi a ƙasan mafitsara ne ya yi ƙari, ya taurare kamar tsakuwa, ya matse hanya. Ya ba da ƙwayoyi, ya yi dogon bayani da Turanci. Tafinta, wani malalaci, ya dunƙule shi duka ya ce maganin mata ne.

To, a wajenmu maganin mata shi ne na farin jini, wanda samari ke nema wurin boka. Tsoho ya dawo yana shafa gemu, yana tsokanar Inna wai ta yi hattara, masu tallan fura sun fara kallonsa. Bai taɓa tsallake shan ƙwayar nan ba. Fitsari ya saki, aka cire roba, likita ya ce naman ya yi laushi ya ƙanƙance.

Sai ƙirjin Baba ya fara tasawa kamar na mace, yana masa ciwo. Muka koma, wani ma'aikacin ya fassara tiryan-tiryan: abin da ke jikin mata ne a cikin ƙwayar, shi ke karya ƙarfin naman, in ya daina sha hanya za ta sake toshewa.

A gida Baba ya ce ya gama sha, gara mutuwa da a yi masa dariya a majalisa. Na yi kuka, na yi faɗa, kamar da turmi nake magana. Inna tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Malam, tun ina budurwa nake ɗauke da nawa, wa ya yi mini jaje? Kai da ko goyo ba za a ba ka ba."

Baba ya harare ta, ya harare ni, sai dariya ta ƙwace masa har da riƙe ciki. Ya miƙo mini tafin hannu.

"Kawo, 'yar nan. Ki kuma aika wa tela ya faɗaɗa mini taguwa, ina da sauran damunar da zan noma."