Gwiwar Ɗan Fari

A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, ni da autanmu muka karye rana ɗaya, a kan babur ɗaya. Katsina ta cika da murna, samari na ta tsere da tutoci, ni ke tuƙi shi yana baya. Wajen Ƙofar Durbi wata a-kori-kura ta kwashe mu. Ni cinyar hagu, shi ta dama, duka dab da gwiwa.

Aka kai mu wurin wani mai ɗori can wajen Batagarawa, ya ɗaure da karare ya ce kada a motsa. Ƙashi kam ya haɗe. Amma da aka kwance bayan watanni, sai gwiwoyin suka sandare kamar taɓarya. Ba zaman tahiya, ba durƙuso gaban manya, zancen ban-ɗaki kuwa a bar shi kawai.

A asibiti likita ya ce naman cinya ne ya manne da ƙashi, sai an yanka an saki. Ya kuma ja mana kunne: aikinsa rabi ne, sauran rabin na mai gashin ƙashi ne, wanda zai riƙa lanƙwasa gwiwar kullum tun ciwon yana ɗanye. In aka yi sanya, naman ya sake mannewa, shi ke nan.

Aka yi mana aiki, aka kwantar da mu gado na kallon gado. A nan na san kishi ba na mata kaɗai ba ne.

Ni ɗan fari ne, Inna kuwa ɗiyar tsohon gida ce ta cikin birni, mai alkunya. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai" nake, ko "wancan". Kakata ce ta goye ni, ita kuma ta rasu, haka mahaifinmu. A gida ban cika damuwa ba, kowa da ɗakinsa. Amma a asibiti ina zan kai idona? Inna ta shimfiɗa tabarma gindin gadon auta, tana yi mashi fifita, tana ba shi farfesu a baki, ƙato da shi. Nawa kwanon sai ta turo da ɗan jinyar gadon kusa, fuskarta na kallon bango.

Mai gashin ƙashi yakan fara da ni. Ya dafe cinya, ya kama ƙauri, ya danna. Wayyo Allah! Na sha ciwo a duniya, ban taɓa jin irin wannan ba. Ina ihu, Inna za ta ja mayafi ta fita waje, wai za ta ɗebo ruwa. Da ya juya kan auta kuwa, ga ta ta dawo kamar an jefo ta. Auta bai gama cewa "wash" ba ta riƙe hannun mutumin.

"Haba ɗan nan, ba ka da imani ne? Bar mani shi sai gobe."

"Hajiya, goben nan ita za ta cuce shi."

"Allah ke warkarwa, ba murɗiya ba."

Haka kullum. Likita da kansa ya yi mata magana, ni ma na yi, ta amsa wa bango cewa wani ya ji da tasa ƙafar. Auta kuwa har da tsokana: "Yaya, da gemunka kake kuka?" In ce mashi, "Ɗan gatan banza, Allah ya ba ka lafiya." A zuci kuwa ji nake da ma ni aka riƙe wa hannun mutumin nan, ko sau ɗaya, ko da ƙafar za ta zauna a miƙe har abada. Haushin nan nake haɗawa in zauna bakin gado in ja ƙafata da rawani har gumi ya jiƙa ni.

Da damina ta ƙare ina zaman tahiya. Auta kuwa gwiwarsa ta koma gidan jiya, likita ya duba ya girgiza kai. Ranar da na fara durƙusawa gaban Inna, gwiwa biyu a ƙasa, na ce, "Inna, ina kwana?" Na jira ko za ta ce wani abu. Ta dubi saman kaina ta ce, "Kai, ɗauko wa ƙanenka kujera zai yi salla."

Shekaru suka tafi a haka. Shi da sandarsa da kujerarsa da Innarsa, ni da gwiwata. Ban daina jin kishinsa ba, kuma ba zan yi ƙaryar na daina ba.

Ranar da Inna ta rasu, muka kai ta makwanci. Liman ya ce ɗiyanta su shiga su karɓe ta. Auta ya matso bakin kabari, ya gwada sauka, ƙafar ta ƙi. Ya sake gwadawa har sandar ta faɗi, mutane suka riƙe shi. Ni na sauka, na durƙusa, aka miƙo mani ita. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na kwantar da ita a gefen dama, na gyara mata kai, na daɗe hannuna yana kafaɗarta, ba ta kuma kau da fuska ba.

Da na fito, auta ya kama rigata yana kuka. Ya ce, "Yaya, ka fi ni rabo."

Na duƙa na ɗauko mashi sandarsa.