Sista Ketura, Mai Awon Abin da Kowa Ke Zubarwa

Ƙarfe shida saura kwata na safe Sista Ketura Mshelia take sauka daga keke a ƙofar asibiti, jaka a kafaɗa, biro biyu a aljihu, don a cewarta biro ɗaya maci amana ne. Ba ta biyawa ofis. Ɗakin maza take nufa kai tsaye, ta bi gadaje ɗaya bayan ɗaya, ta gaida wannan da Kanuri, wancan da Bura, saura da Hausa. Sannan ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado, ta jawo abin da kowa yake kawar da kai daga gare shi, wato kwalbar fitsari. Ta ɗaga ta daidai idonta, ta karanta makin, ta rubuta. Haka za ta sake yi da sha biyun rana, ta kuma yi da yamma kafin ta tashi.

Shekara talatin da uku ke nan tana aikin jinya, shida na ƙarshe a cikin binciken da Dakta Hashim yake jagoranta kan tsayawar ƙoda ta farat ɗaya. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Na san halinta, in aka bar ta sai ta sulale ta ƙofar baya ba tare da an ce mata sannu ba, shi ya sa na riga ta da wannan rubutu.

Wannan ciwo ba irin wanda yake cin mutum shekara da shekaru ba ne, kwana biyu ko uku sun ishe shi. Mutum ya yi gudawa da amai a zafin watan Afrilu, ruwan jikinsa ya ƙafe, ya ɗora da ƙwayoyin ciwon jiki na kemis, sai ƙoda ta ja birki. Kuma ba ta yin ihu, fitsari ne kawai yake raguwa. In an gane da wuri, sau da yawa ƙarin ruwa da dakatar da maganin da ke cutar da ita sun wadatar. In an makara, sai injin wankin ƙoda, wani ma injin ba ya ceto shi. Abin da binciken yake son sani shi ne, in aka riƙa auna fitsarin kowane majinyaci a kai a kai, za a rage masu kaiwa ga injin? Tambayar ta manyan likitoci ce, amma amsar tana ƙarƙashin gado.

Nas biyu ba za su iya gadin kwalba arba'in ba, kuma ba wanda zai yarda ya yi salla kusa da fitsari. Don haka aka ba kowane mai jinya, wato wanda ke zaune da majinyaci, kati: kafin ka zubar, ka duba makin, ka rubuta.

A bazarar shekarar farko aka kawo Baba Babakura, dattijo mai wankin hula daga unguwar Fezzan, gudawa ta galabaitar da shi. 'Ya'yansa maza suna Legas, mata kuma ba sa zama a ɗakin maza, sai jinya ta faɗa kan mijin 'yarsa, Malam Ibrahim Khalil, malamin lissafi. Ba a taɓa ganin kati mai tsabta kamar nasa ba. Kullum Sista ta zo, kwalba a wanke, lamba a rubuce. Likita ya duba katin ya ce ruwan jikin Baba ya dawo, aka cire masa ƙarin ruwa.

Ran Talata da rana Sista Ketura ta tsaya a kan katin nan fiye da yadda ta saba.

“Malam, wa ya auna wannan?”

“Ni ne, Sista.”

“Ɗari uku da safe, ɗari uku da rana, ɗari uku da yamma, jiya da shekaranjiya. Ko injin gidan mai ba ya ba da daidai haka. Zo mu je waje.”

A gindin dogon yaron da ke bakin baranda malamin ya sunkuyar da kai kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa.

“Mama, surukina ne fa. Shekara tara da na auri 'yarsa, ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Ta yaya zan ɗaga fitsarinsa in kalla? Tsumma nake rufa wa kwalbar, in juya kai, in zuba mata ruwa in kife. Lambar kuwa a katin maƙwabcinmu na gani.”

“Da kake ɗauka, akwai nauyi?”

Ya girgiza kai. Ya ce, “Babu nauyi, Mama.”

Sista ba ta tsaya jin sauran ba. Ta koma ciki ta tarar da robar ruwan da ke kan durowar Baba cike, ita ce ta jiya, ko murfin ba a buɗe ba. Leɓɓansa sun tsage.

Ta gaishe shi da Kanuri, “Baba, nda watu? Ya jiki?”

“Kalewa, 'yata. Da sauƙi, alhamdulillahi.”

Wanda ya san mutanenmu ya san wannan amsa ba ta nufin komai. Mutum yana kan gargara ma da sauƙi zai ce maka. Ta ja labule, ta jawo benci ta zauna, ta rage murya.

“Baba, ni da kai ne kawai. Me ya hana ka shan ruwa?”

Dattijon ya kalli rufi ya ce, “In na sha, zai fito. In zai fito, yaron nan ne zai kawo kwalba. Mijin 'yata. Gara ƙishirwa.”

Kwana biyu ke nan tsoho yana hana kansa ruwa don kunyar suruki, surukin kuma yana rufe ido don kunyar tsoho. Kowa yana girmama ɗan'uwansa, ƙoda kuma tana mutuwa a tsakaninsu.

Gwajin jini ya fito kafin la'asar. Dattin da ƙoda ke tacewa ya ninka har uku. Dakta Hashim, wanda mutum ne mai saurin hawa, ya ce a kira masa malamin nan mai ƙirƙirar lambobi. Sista Ketura ta tare ƙofa.

“Dakta, takardarmu ce ta yi laifi. Mun rubuta mai jinya, ba mu tambayi shi wane ne a wurin majinyaci ba. Kai za ka iya auna na surukinka?”

Dakta ya fasa kiran malamin. Aka mayar wa Baba ƙarin ruwa, aka dakatar da ƙwayoyin da ya zo da su daga gida. Likitan ya faɗa wa iyalin gaskiya: in zuwa azahar ɗin Alhamis ƙoda ba ta motsa ba, sai inji. Ya so a saka masa robar fitsari don awo ya tafi daidai, Baba ya ce a kai kasuwa.

To, ya za a yi? Dole a auna, dole ya sha, kuma ba mai iya cire kunyar shekara saba'in a yini ɗaya. Sista ba ta ma gwada ba. Ta waiga gadon da ke kusa, inda wani kafinta mai suna Othniel yake jinyar yayansa Thomas, ta ce su yi musaya. Othniel ya riƙe kwalbar Baba, Malam Ibrahim ya riƙe ta Thomas.

Othniel ne ya ba ni wannan ɓangaren, yana dariya. Ya ce Baba ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

“Kai daga ina?”

“Daga Biu, Baba.”

“Akwai aure tsakanin gidanku da Fezzan?”

“Babu, Baba.”

“Ko an taɓa yin maganarsa?”

“Ko kusa.”

“To miƙo ruwan.”

Yammacin Talata fitsari mililita arba'in aka samu, baƙi kamar shayin da aka manta a wuta. Laraba da safe sittin. Laraba da rana saba'in. Sista tana lissafa abin da ya shiga da abin da ya fita, tana duba ƙafafunsa da numfashinsa, don ƙodar da ta tsaya in aka cika mata ruwa huhu ne zai biya. Mu'mina, 'yar Baba, tana zaune a baranda tun safe har a kore ta, ba ta ce wa mijinta uffan ba, wannan kuwa ya fi masa zagi ciwo. Malam Ibrahim ya rame a kwana biyu. Katin Thomas dai ba a taɓa samun mai daidaito kamarsa ba, har rabin maki yake rubutawa.

Ranar Alhamis da hantsi, an riga an sanar da ɗakin inji su shirya, sai ga Othniel ya fito daga bayan labule da kwalba a sama kamar wanda ya ciyo kofi.

“Sista! Ɗari huɗu da hamsin!”

Ta ce masa ya daina kaɗa ta kafin ya yi wa mutane wanka. Ta karɓa, ta ɗaga daidai ido, ta karanta da kanta sau biyu. Ɗakin ya kaure, masu kabbara na yi, masu “Yesu na gode” na yi, duk a kan fitsarin tsoho ɗaya. Malam Ibrahim ya fita baranda ya zauna a ƙasa ya yi kuka, ni kuwa ban ga laifinsa ba. Washegari dattin jini ya fara sauka. Baba Babakura bai ga ɗakin inji ba.

Da wata nas ce, da ta tsaya nan, a yi mata barka a wuce. Sista Ketura ta kwashi katunan wata takwas ta bi su ɗaya ɗaya, ta ware duk wanda lambobinsa suka yi kyau fiye da kima, ta dire su gaban Dakta Hashim ta ce ba za ta sa hannu a kansu ba. Ranar bai ci abincin rana ba. Amma ya ajiye su gefe, ya rubuta dalili, aka sake lale. Aka ƙara tambaya ɗaya a takardar shiga bincike: me kake a wurin majinyaci? In suruki ne, ko ɗan fari, ko almajirin malami, sai a nemo masa abokin musaya a gadon kusa. Da rahoton farko ya fito, sunanta yana can ƙasa cikin ƙananan haruffa, a layin godiya, tare da direba. Na yi mata ƙorafi a kan haka, ta ce direban ma ya yi ƙoƙari.

Ke ce, Ketura 'yar Mshelia, mai durƙuson da ya fi tsayuwar wasu. Ke ce kika ƙi yarda da lamba don ta yi kyau. Ba ki yi wa dattijo wa'azi a kan kunyarsa ba, ba ki kunyata malami a gaban matarsa ba, kika nemo hanyar da mutum zai tsira da ƙodarsa da mutuncinsa gaba ɗaya. Gwiwoyinki sun gaji, na ga yadda kike dafa gado kafin ki miƙe. Ki je ki huta, mun gode, Allah Ya saka miki da alheri.

Ku kuma matasan nas da za ku gaje ta, ku durƙusa ku duba da idonku, kada “da sauƙi” ta sallame ku. Mu masu jinya, in abu ya fi ƙarfin idonmu, mu faɗa, akwai maƙwabci a gadon kusa.

Makon jiya na je Fezzan. Malam Ibrahim ne ya raka ni, ya tsaya daga nesa kamar yadda ya saba. Na tarar da Baba Babakura a cikin huluna, yana ɗora wata a kan gungume. Na ce masa Sista za ta bar aiki, ko yana da saƙo? Ya leƙa ya tabbatar surukinsa ba ya ji, sannan ya matso.

“Ka ce mata ina sha, yana fita, kuma da ƙafata nake zuwa bayan gida.”