Raƙumin Mang Doming

A ƙofar cocin garinmu, ana saura kwana tara Kirsimeti, wani tsoho yana tsaye rungume da ƙunshin jarida. Farar rigarsa ta sha guga har wuyanta ya cinye, yatsunsa duk tabon wuƙar sassaƙa ne. Na ji ana kiransa Mang Doming.

Bana an sayo mutum-mutumin roba daga Manila, babban birnin ƙasarmu, don ƙawata komin haihuwar Yesu. Na katako da muka sani tun muna makarantar mishan kuwa, Aling Choleng mai kula da coci tana jera su a kwali. Tsohon, wanda shi ya sassaƙa su, so yake a bar masa ko guda ɗaya a wurin komin. Ya kwance ƙunshin a hankali, sai ga tsohon raƙumin katako, sabon fentin da ya yi masa ko gama bushewa bai yi ba.

"Haba, Kawu! Wannan raƙumi ne, ko ɓaunar gonarka ka ɗora wa tozo?" in ji Aling Choleng.

"’Yar nan, ban taɓa ganin raƙumi ba. Amma shekara arba'in yana kai sarakunan gabas Baitalami wurin jariri Yesu, bai taɓa makara ba."

Ta yi tsaki, ta tura raƙumin robar baya. Tsohon ya durƙusa da kyar, ya ajiye dabbarsa a gurbin, ya juya fuskarta ta kalli komin, sannan ya cire hula.